Murfin Tsohuwar Rijiya

Asabar, bayan la'asar

Yau na fasa tukunyar da ta yi ɗaruruwan shekaru a ƙasa lafiya lau. Sai da ta haɗu da ni.

Bari in rubuta a nan, tunda Mamansu ta ce ta gaji da labarin rami. A bayan tsohuwar tashar jirgi akwai filin da za a gina asibiti. Kafin a zuba tushe aka ba mutanen jami'a dama su tona, don an ce magina tukwane ne suka zauna a wurin tun kafin a kafa garin. Suka nemi 'yan unguwa masu sa kai. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina haƙa rami ina binne bututun ruwa, na ce ai wannan aikina ne, na kafa hula na tafi. Ashe ba aikina ba ne. Ko diga ba sa bari ka taɓa. Cokalin birkila suke ba ka da buroshi, ka durƙusa kana kankare ƙasa kamar mai wanke gindin tukunya.

Na ga bakin tukunya ya leƙo, na zura yatsu na ja. Ƙaras! Bakin a hannuna, sauran a ƙasa. Malama, mai shugabantar aikin, sa'ar babbar 'yata ce, kuma ba ta ɗaga murya. Da ma faɗa ta yi, da na fi jin daɗi. Ta tsuguna ta ce, "Baba, ba a ciro abu. Ƙasar da ke riƙe da shi ake ragewa kaɗan-kaɗan, har ya saki da kansa." Na ce, "In ya ƙi saki fa?" Ta ce, "Sai ka dawo gobe." Tela, abokin durƙusona a rami, har da riƙe ciki don dariya. Wai daga yau sunana Injin Rusau.

Na dawo gida na tarar da takalman Auta a bakin ƙofarsa, yadda na bar su. Bai fito ba.

Lahadi, da hantsi

Auta ba yaro ba ne, sunan ne ya bi shi. Magidanci ne a ido, gemunsa ya fi nawa cika, kuma babbar motar fasinja yake ja. Ko in ce yake ja a da. Tun ranar abin da ya faru a kan hanya ya shigo gidan nan, ya ajiye makulli a kan tebur, ya shiga ɗakinsa na samartaka ya tura ƙofa. Hukuma ta ce ba laifinsa ba ne. Masu motar sun ce ba laifinsa ba ne. Har kawun yarinyar da abin ya ritsa da ita ya zo da kansa ya faɗi haka a tsakar gidan nan, da ƙarfi, don a ji daga ciki. Ba a amsa ba.

Ba zan rubuta abin da ya faru ba. Duk unguwa ta sani, ni kuma ba na son in gan shi da rubutun hannuna.

Sai ya ji tsakar gida ba kowa yake zagayawa bayi ya koma. Mamansu na ajiye masa kwano a bakin ƙofa. Jiya ya ci rabi.

Talata, da yamma

Na buga masa ƙofa yau. Ba ƙwanƙwasawa ba, bugu. Na ce, "Kai Auta, haka za mu zauna? Namiji da kai? Ka fito ka ga uwarka yadda ta koma!" Na faɗi wasu abubuwan ma. Mamansu ta riƙo rigata ta baya tana cewa, "Malam, don Allah, Malam." Na fizge na fita.

Kwanon rana ya dawo ba a taɓa ba. Na yamma ma haka. Laifina ne, na sani, ba sai an gaya mini ba.

Laraba, bayan azahar

An ɗauke ruwa a wajen aiki, tsingaro kuwa ya taru buhu-buhu ba a wanke ba. Malama ta yarda kowa ya ɗauki leda biyu ya wanke a gida, da sharaɗin kada a haɗa na wannan leda da na waccan, don kowace daga inda aka tono ta daban. Ta dube ni musamman ta ce, "Baba, da tsohon buroshin haƙori, a hankali." Tela ya ce a rubuta mini a goshi.

Na rasa inda zan zauna sai gindin tagar Auta, nan ne inuwa take. To, akwai inuwa a wani wurin ma. Na ajiye baho na zauna ina wankewa, ina magana kamar da kaina nake. Na ce wannan mai zanen igiya ne, wannan an ƙona shi har ya yi baƙi, wannan kuwa ga shatin babban yatsan wanda ya gina shi, ya danna tun laka na ɗanye. Na sa nawa yatsan a ciki, ya zauna daidai. Mutum ya tafi, ba sunansa ba kabarinsa, ga yatsansa a bahon wankin matata.

Ban ce ya fito ba. Ban ma kira sunansa ba. Wallahi da ƙyar, harshena har ƙaiƙayi yake.

Alhamis, da safe

Ya ci rabi.

Asabar, da yamma

Mun sami wata tukunyar, babba, irin ta ajiye ruwa, a kwance a kusurwar rami. Malama ta ce ni da Tela za mu bi ta. Na ce, "Ni? Bayan abin da na yi?" Ta ce ai shi ya sa. Wuni guda muna durƙushe, abin da muka buɗe bai wuce tafin hannu ba. Gwiwoyina sun gaya mini shekaruna. Tela kuwa bakinsa ba ya hutawa: masu kawo ɗinki ba su da godiya, surukinsa ba ya gaisuwa, zaren yanzu ba zare ba ne. Ina jin daɗin surutunsa, don yana hana ni jin nawa kan.

Da muka tashi ya tambaye ni, "Ya mai jiki?" Na ce da sauƙi. Ya san ba jiki ba ne, na san ya sani, muka bar shi a haka.

Na zauna gindin taga na ba da labarin tukunyar. Labulen ya motsa, ko iska ce ban sani ba.

Litinin, bayan la'asar

Mamansu ta kwashe maganin hawan jinina daga kan firji ta kai ɗakinta ta kulle. Igiyar shanya ma na ga babu, a kan katanga take shanya yanzu. Ban tambaye ta ba. Babbar 'yarmu ta bugo waya ta ce ta samo wa Auta likita, mace, wadda irin wannan ne aikinta, amma likitar ta ce sai ya yarda da kansa. Na ce to a ina ake sayar da yardar? Ta ce, "Baba, don Allah ka daina faɗa." Kowa ni yake cewa in daina faɗa.

Tsoro nake ji. Ga shi na rubuta. Tsoro nake ji kada wata safiya mu tashi ba mu da ɗa.

Laraba, da yamma

Yau an yi abin mamaki. Masu haƙa a gefen gabas sun ɗaga wani faffaɗan dutse, sai ga baki a buɗe, baƙi ƙirin. Rijiya ce, tsohuwa, an jera mata duwatsu tun daga sama har inda ido ya tsaya, ba siminti ba komai, kuma ko ɗaya bai goce ba. Ni da na san aikin ruwa na tsaya na sara wa waɗanda suka yi ta. Na jefa tsakuwa, sai da muka gaji da saurare kafin ta amsa. Malama har rawa ta kusa yi. Aka kewaye bakin da jan ƙyalle da sanduna.

Na dawo da zumuɗina na zauna gindin taga, na zazzage labarin duka: duwatsun, sanyin da ke fitowa, tsakuwar. Sai na ji murya daga ciki, a dushe kamar ta wanda ya tashi daga zazzaɓi.

"Baba, tana da zurfi?"

Ya yi magana! Na ce, "Zurfi? Ai ba ka ga zurfi ba, Auta!" Na ƙara masa da bayani, har inda take a filin na kwatanta. Na tashi da gudu, ni da gwiwoyin nan, na sami Mamansu a kicin na ce mata ya yi magana, ya tambaye ni. Ta saki ludayi ta ce, "Me ya ce?" Na gaya mata.

Ba ta yi murna ba. Ta dube ni kawai, ta daɗe tana dubana, har na ji abin da na faɗa da kunnena. Ni da bakina na kwatanta masa hanyar rijiya.

Alhamis, da sassafe

Ban runtsa ba. Takalman suna nan.

Alhamis, bayan azahar

Na yi rigima da Malama a gaban kowa. Na ce a rufe rijiyar yau. Ta ce ba a gama aunawa ba, ba a ɗauki hoto ba, masu igiya da za su sauka sai wani makon, kuma ai an kewaye ta. Na ce ƙyalle ne zai tare mutum? Ƙyalle? Na ce ku kun damu da matattu, mu masu rai ko oho. Murya ta tashi har masu tankaɗe ƙasa suka tsaya da rariya a hannu. Tela ya ce, "Injin Rusau, sauko mana."

Ta ja ni gefe, bayan tarin ƙasa. Ta ce, "Baba, yara ba sa shigowa nan, akwai mai gadi." Na ce mai gadin da ke tafiya shan shayi tun asuba? Na ce kuma ba yara nake nufi ba. Na tsaya ina kallon cokalin da ke hannuna, tsoho da ni, idona ya cika.

Ba ta tambaye ni ko wane ne ba. Allah ya yi mata albarka. Ta ce, "Murfin da za a iya buɗewa, wanda ba zai taɓa duwatsun ba. Za ka iya?" Na ce wannan kam aikina ne.

Juma'a, da yamma

Ni da Mai Walda, abokina tun muna samari, mun wuni a kai. Ƙarfe mai kauri, ƙafafu huɗu da muka kafa nesa da bakin don kada su dami ginin mutanen da, ƙofa a tsakiya, kwaɗo babba. Ya ce, "Wannan murfin rijiya ne ko na banki?" Na ce ya yi aikinsa. Mariƙin yana yankan hannu, sai na naɗe shi da robar tsohuwar tayar keke, yadda nake yi wa duk kayan aikina. Makulli ɗaya na Malama, ɗaya a aljihuna.

Na hau kai na yi tsalle. Tela ya ce in ya ɗauke ni to zai ɗauki giwa.

Ban je gindin taga ba yau. Ban san me zan ce ba.

Lahadi, da hantsi

Bai ci ba.

Talata, bayan la'asar

Na koma gindin taga, don shirun ya fi maganar ciwo. Ban ambaci rijiya ba, tukunya kawai. Na ce mun buɗe kafaɗarta, ta tsage amma ba ta rabu ba, ƙasar da ke cikinta ce ke riƙe da ita. Na ce masu ginin asibiti sun ce ƙarshen mako za su kawo motocinsu, in ba mu gama ba sai dai a mayar da ƙasa a kanta. Na ce hannu ya yi mana kaɗan, ni ga gwiwa, Tela ga surutu.

Na so in ce, ka zo ka taya mu. Na haɗiye. Na kwashe tsingarona na shanya a kan jarida, kowace leda da gefenta.

Da na dawo daga raka baƙo, sai na ga guda biyu an matsar da su, an haɗa bakinsu, tsagar ta zauna cif. Na tambayi Mamansu, ta ce ita me ya haɗa ta da fasassun tukwanena.

Alhamis, da yamma

Na yau kam sai na rubuta.

Na fito da safe zan ɗauki buta, na duba bakin ƙofarsa kamar kullum. Babu takalma. Ƙofa a buɗe, gado a gyare, an ninke bargo. Wannan ninkin bargon shi ya fi tsorata ni. Mamansu ta fito ta gani, ta zauna a ƙasa a inda take, ta ce, "Malam, je ka." Ba ta ce ina ba.

Ban san na iya gudu ba har yanzu. Takalmi ɗaya ya fita a kan titin jirgi, ban tsaya ba. Ina gudu ina taɓa aljihu, makullin na nan, ina sake taɓawa, yana nan. Mai gadi ba ya bakin ƙofa. Na miƙe gefen gabas. Murfin na nan a rufe, kwaɗon a kulle. Na kama shi na jijjiga, na durƙusa a kai ina haki.

Sai na ji kar, kar, kar, ƙarar cokali a kan ƙasa.

Yana cikin raminmu, a durƙushe a wurina, a gaban tukunyar. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Malama na tsugune a gefe tana nuna masa da yatsa. Ta ɗago ta ce, "Baba, mun yi sabon ma'aikaci. Na zo da wuri na same shi a zaune, na ce in ba abin da yake yi ga buroshi." Ta dubi ƙafata mara takalmi, ta dube shi, ta dube ni. Sai ta miƙe ta ce za ta je ta duba masu tankaɗe, alhali ko mutum ɗaya bai iso ba.

Na sauka ramin. Wallahi hannuna ya riga ya tafi, zan damƙi damtsensa in ja shi gida in kulle, in yi kuka, in yi faɗa, duka. Na tsayar da hannun a hanya. Na ɗauki bokiti na ajiye kusa da shi.

Yana kankarewa, yana sharewa, yana zubawa. Hannunsa ya fi nawa haƙuri nesa ba kusa ba. Can, bai ɗago ba, ya ce, "Can na fara zuwa, Baba."

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "Na ga robar taya a mariƙin. Duk garin nan ba mai yin haka sai kai."

Ya ce ya zauna a kan murfin ya riƙe mariƙin, ya tuna ranar da na naɗe masa kan kekensa da irin robar don kada hannunsa ya yi kanta. Ya ce bai san tsawon zaman da ya yi ba. Sai hawaye suka zubo masa, suna ɗiga a kafaɗar tukunyar, yana gogewa da buroshi kamar zai ɓata wa Malama aiki. Ni ma na bar nawa suka zuba, ban ɓoye ba.

Tela ya iso ya leƙo ramin. Karo na farko tun da na san shi, bai ce uffan ba. Ya cire takalmansa ya miƙo mini, ya tafi neman nawa a kan titin jirgi.

Can Auta ya ce, "Baba, bokiti ya cika." Na ɗauka na kai, na dawo da shi.

Asabar, bayan azahar

Tukunyar ta saki yau. Ba wanda ya ja ta. Auta ya share ƙasar ƙarshe a ƙarƙashinta, ta ɗan motsa da kanta, aka naɗe ta da bandeji aka ɗaga mu huɗu. A tsage take ta ko'ina, Malama ta ce gyaranta zai ɗauki lokaci, kuma tsagar ba za ta ɓace ba. Rijiyar kuma an ce masu gini za su kauce mata, murfina zai zauna har a yi na dindindin.

Ba zan ce ya warke ba. Jiya bai fito ba sai da rana ta yi, kuma ko kalma goma bai yi ba. Har yanzu ba ya iya kallon titi in babbar mota za ta wuce. Mamansu ba ta mayar da igiyar shanya ba, ni ma ban ce ta mayar ba.

A hanyar dawowa na ciro makullin zan kai wa Malama. Auta ya ce, "Bar shi a wurinka tukuna, Baba." Na mayar aljihu.

Lahadi, da yamma

Ya ce in gaya wa Yayarsa ta kira likitar nan. Ya ce ni zan raka shi, amma in yi alkawarin ba zan yi faɗa ba.

Ya cinye kwanonsa.